Hukuncin kulle yaro a gida da bar masa waya lokacin dogon hutu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dan Allah ina da yaro ɗan shekara 11, an basu dogon hutu sai watan Satumba zasu koma, ni kuma ma'aikaciyar asibiti ce ina fita da sassafe sai wajen la'asar nake dawowa, babansa direba ne sai ya yi kwanaki baya gari. Unguwarmu wlh ta lalace, yara ƙanana na shaye-shaye ga zuwa wanka kududdufi, shi yasa in zan fita nake sa kwaɗo ta waje in barshi da ƙanwarsa 'yar shekara shida, in bar masa tsohuwar wayata yana gem da kallo, na kuma saya masa ludo. To yanzu ya zama kamar ba shi ba, sallah sai da faɗa, in an karɓi wayar ya yi ta ƙunci har dukan ƙanwar yake. Kawunsa yace in kawo shi shagonsa na ɗinki amma ina ganin kamar zalunci ne yaro yana hutu a sa shi wahala. Malam meye hukuncin kullen da wayar da ludon, kuma ya halatta in kai shi shagon?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

'Yar uwa Allah ya saka miki da alheri, tsoron da kike ji a kan yaron nan yana kan hanya, domin Annabi (SAW) yace dukkanku masu kiwo ne kuma za a tambaye ku a kan abin da aka baku kiwo, har ya ambaci mace da gidan mijinta da 'ya'yansa, hadisin Ibn Umar ne a Bukhari da Muslim. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta halatta kowace hanya.

Kulle yara biyu da kwaɗo ta waje, babu babba a gidan, daga safe har la'asar, wannan bai halatta ba. Hujjar ita ce ƙa'idar nan "la darara wa la dirara", babu cuta babu cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa kuma malamai suka gina hukunce-hukunce da yawa a kanta. Ki duba gidan da idon basira mana, akwai tukunyar gas ko risho, akwai ashana, akwai wutar lantarki da ake kawowa da ƙarfi ba sallama, ƙila ma da rijiya a tsakar gida, in wani abu ya tashi Allah ya kiyaye ɗan shekara 11 ba shi da mafita sai ihu, su kuma maƙwabta kafin su nemo tabarya ko guduma su fasa kwaɗon an gama abin da za a gama. Kin guje wa cutar da kike zato a waje kin ajiye su a gaban wata wadda ba su da yadda zasu kuɓuce mata. Kuma ki lura, hana yaro fita daban, garƙame shi daban. Shari'a ta san hana fita, a hadisin Jabir Annabi (SAW) yace in almuru ta yi ku tsare yaranku saboda shaiɗanu na bazuwa a lokacin, in wani yanki na dare ya wuce ku sake su. Kinga tsarewa ce mai lokaci mai dalili, kuma da babba a kusa. Don haka kina da ikon ki ce ba zaka je kududdufi ba, ba zaka zauna da su wane ba, wannan ma wajibinki ne. Masu kawo maganar nan ta "ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki" kuwa, ba ta tabbata daga bakin Annabi (SAW) ba, ga Sayyidina Umar ake jingina ta, kuma ko ita koyarwa tace, ba a saki yaro da damina ya faɗa ramin da ba a san zurfinsa ba.

Abin da iyaye da yawa ba su ɗauka da muhimmanci ba shi ne wasa haƙƙin yaro ne, ba alfarma ake masa ba. A suratu Yusuf aya ta 12 'yan uwansa suka ce wa babansu ka bar shi ya bi mu gobe ya ji daɗi ya yi wasa, Annabi Yaƙub (AS) bai ce ɗan annabi ba ya wasa ba, abin da yace shi ne tafiyarsu da shi zata baƙanta masa rai, kuma yana tsoron kerkeci ya cinye shi alhali sun gafala da shi. Gafalar masu kula ita ce abin tsoron. Anas bin Malik ya fara yi wa Annabi (SAW) hidima yana ɗan shekara goma, kusan sa'an ɗanki, shi da kansa ya bada labari a Sahihu Muslim cewa wata rana an aike shi sai ya iske yara na wasa a kasuwa ya tsaya, bai ankara ba sai ya ji an riƙe ƙeyarsa ta baya, ya waiga ya ga Manzon Allah yana dariya yana cewa ya Unaisu ka je inda na aike ka? Babu mari babu zagi. Imam Gazali ma a cikin Ihya ya faɗi cewa ya kamata in yaro ya taso daga makaranta a bar shi ya yi wasa mai kyau ya huta, domin hana shi wasa da danne shi da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dusashe masa kaifin basira har ya fara neman dabarar gudu. To wannan wanda aka danne da karatu kenan, ina ga wanda aka danne da zaman ɗaki, babu karatun babu gujegujen. Ƙuncin nan da dukan ƙanwa da kike gani, ƙarfi ne ya taru a jikin yaro bai samu inda zai zuba shi ba.

Ita waya asalinta halas ce, hukuncinta na bin abin da aka yi da ita. Kuma ɗauke hankalin yaro da abin wasa yana da asali, Rubayyi'u bint Mu'awwiz tace sun kasance suna sa yaransu azumin Ashura, sai su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in ɗayansu ya fara kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa baki, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Amma ki duba yadda abin yake, uwar ce ta haɗa abin wasan da hannunta ta san mene ne, tana zaune a wajen, akwai manufa, kuma akwai lokacin da zai ƙare. Waya mai data a hannun yaro shi kaɗai wuni guda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ke kin ɗauka gem yake, alhali a tsakiyar gem ɗin talla ke faɗowa, wani na tsiraici wani na cacar ƙwallo, daga nan sai TikTok, yatsa ɗaya ne tsakani. Malamanmu na Malikiyya sun shahara da ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ke kai wa ga ɓarna, balle ke da bakinki kin shaida cewa ɓarnar ta riga ta shigo tunda sallah ta koma sai da faɗa, ga shi ya haura shekara goman da hadisin Abu Dawud ya ce a tsananta a kan sallah. Saboda haka a halin ɗanki, barin masa wayar da data kina wajen aiki bai halatta ba. In kin dawo kina gani, an cire layi, kin san gem ɗin da ke ciki, an yanka masa lokaci kaɗan bayan ya yi sallah da karatu, babu laifi. Sai dai kar ki fizge ta rana ɗaya ki bar shi hannu rabbana, wanda aka karɓe wa abu ba a ba shi madadi ba wajen abokai zai je nema.

Ludo ki ɗauke shi. Wasa ne da ake jefa ɗan ƙwayar nan mai ɗige-ɗige, irin nardu kenan, kuma a Sahihu Muslim an kamanta mai wasa da nardu da wanda ya tsoma hannunsa a naman alade da jininsa, Ibn Abi Zaid ma a ƙarshen Risala yace wasa da shi bai halatta ba. Akwai masu sassautawa in babu kuɗi a ciki amma lafazin hadisin bai ambaci kuɗi ba. Shi yaron ba a rubuta masa zunubi tunda bai balaga ba, maganar tana kan wanda ya saya masa. Kuɗin ludon da na data in aka tara sun sayi ƙwallo.

Zancen shagon kawunsa kuwa, wallahi 'yar uwa mafita ce Allah ya kawo miki har gida kike kiranta zalunci. Halas ne, a halinku ma shi ya fi. Annabi Dawud (AS) daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, Annabinmu (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyansa. Yaro ya zauna gefen keke ya koyi zura zare a allura, ya sa maɓalli, ya farke ɗinkin da ya karkace, ya naɗe kayan mutane, in an kira azahar kawunsa ya tasa shi gaba zuwa masallaci, ina zalunci a nan? Zalunci yana shigowa ne in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ko aka mayar da shi ɗan aike kawai daga sayo shayi sai sayo kati har hutu ya ƙare bai taɓa almakashi ba, ko ana dukansa, ko ana barinsa da yunwa, ko shagon ya zama majalisar samari masu sakin baki. Ki zauna da kawun ku yi maganar nan ƙarara, zumunci ba ya hana sharaɗi. Rabin wuni ya isa, da yamma ya je Islamiyya, in ya dawo a bar shi ya buga ƙwallonsa a ƙofar gida ko ya yi langa da yaran da kika san iyayensu, magariba na yi ya shigo. Kuma in an fara ba shi ɗan na kashewa ki sa ido, yara da yawa daga nan makaranta ke fita daga ransu, ya sani tun yanzu Satumba na yi zai koma aji.

Ranar da babu shago, aikin gida ma nasa ne. Mu nan mun saba mace na wanke-wanke namiji na miƙe da ƙafa, alhali da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) ke yi a gida cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Ya wanke kayansa, ya yi shara, ya ɗebo ruwa. In da hali a saya masa zomo biyu ko 'yan kaji a ce nasa ne, cinsu da shansu a wuyansa, ƙanin Anas ma Abu Umair yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi kuma Annabi (SAW) har tsokanarsa yake a kai. A ba shi hadda daidai ƙarfinsa, ko aya biyar ce a rana, ki karɓa da kanki da daddare. Ba na goyon bayan a cika masa hutun da lesin tun safe har yamma, wannan kullen ne dai aka canza masa ɗaki.

Sannan nauyin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Ko a inda aure ya mutu yaro yana hannun uwa, Shaihu Khalil a Mukhtasar cewa ya yi uba ke da bibiyarsa da tarbiyyarsa da tura shi makaranta, balle kuna tare. Tuƙi ba uzuri ba ne a zamanin da kowa ke da waya, ya kira ɗansa kullum ya tambaye shi ka yi sallah, me ka koya yau a shago, kuma shi ya kamata ya yi magana da kawun. Ita ƙanwar kuma kar a manta da ita, in yayan ya tafi shago ba za a bar ta ita kaɗai ba, a kai ta wajen kakarta ko wata maƙwabciya da kuka aminta da ita, ko da za a riƙa ba ta wani abin hasafi, kuma biyan wannan yana kan baban tunda cikin kula da 'ya'yansa ne.

Wallahu a'alam.