Magazine: Gidan Harsashi ko Mujalla?

Tambaya: Malam, yayana ya gama horo a Depot na sojoji a nan Zariya. Na ji yana kiran abin da ake ɗura wa harsashi a maƙala wa bindiga "magazine". Mu kuwa a makaranta an koya mana magazine mujalla ce. Wa ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada.

Amsa: 'Yata, ke da yayanki duk kun yi daidai. Kuma tambayarki ta faranta mini rai, don kalmar nan asalinta ba ta Turawa ba ce. Aro suka yi.

Tushenta Larabci ne: makhzan, wato ma'ajiya ko sito, jam'insa makhazin. Ni a zauren malaminmu, can cikin birni, na fara jin danginta, ranar da muka kai Suratu Yusuf, aya ta 55, inda Annabi Yusuf ya nemi sarki ya ɗora shi a kan khaza'in, taskokin ƙasa. Malam ya ɗaga hannu ya nuna mana rumbun dawa da ke tsakar gida, ya ce ga misalinta nan. Saiwarsu ɗaya da makhzan.

Fatauci a tekun Bahar Rum ne ya kai kalmar Italiya, daga nan Faransa, har ta shiga Ingilishi wajajen 1580. A lokacin, ɗakin ajiyar kaya take nufi, musamman albarushi da makamai. Daga wannan babban ɗaki aka gangaro zuwa ɗan ƙaramin akwatin da yayanki ke cika da harsashi.

Ma'anar da kika koya kuwa ta samo asali ne a Landan, a 1731, sa'ad da Edward Cave ya fara buga The Gentleman's Magazine. Nufinsa rumbu ne na rubuce-rubuce: a tsinto labari nan, a tsinto waƙa can, a tara wuri ɗaya kowane wata. A ganina ya iya zaɓen suna, don haka har gobe nake taƙaicin ganin an yage tsohuwar mujalla an ƙunshe ƙosai da ita.

In Allah ya kai ki Maraɗi, ki dubi allunan shaguna, za ki ga an rubuta magasin. A Faransanci kanti take nufi. A Maroko kuma, in an ce Makhzen, fadar sarki da hukumarsa ake nufi, domin a da can nan ake tara haraji.