Ƙanwata, ni ma bututun numfashi ya taɓa ƙin shiga a hannuna

Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce mai ciki aka kawo tiyatar gaggawa, kin leƙa maƙogwaronta sau biyu don sa bututun numfashi ba ki ga komai ba sai harshe da jini, kina tambayar ya mutum zai yi in babu laringoskof (abin leƙa maƙogwaro) mai kyamara. Ni ma ta same ni a shekarata ta biyu da fara aikin sa barci a tiyata nan Katsina.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta gefen Daura, jijjigar haihuwa, fuska da harshe duk sun kumbura ga gajeren wuya. Ban tsaya na duba bakinta da kyau ba don likitan da zai yi aikin yana tsaye a kaina, yi sauri yi sauri jariri zai tafi. Na ba da saks, maganin da ke sakin tsokoki, na sa laringoskof Macintosh lamba 3, ko epigulotis, murfin hanyar iska, ban gani ba. Na fito na koma, na fito na koma, har sau huɗu, kowane shiga jini ƙaruwa yake, oksijin ya zubo daga 98 zuwa 60 da wani abu, leɓenta ya yi baƙi, ƙarar na'urar auna oksijin tana yin ƙasa tana yin ƙasa, har yau in na kwanta wani lokaci ina jin ta. Wata tsohuwar sista ce ta ciro LMA lamba 3, robar ba da iska da ke zama a saman maƙogwaro, daga durowa ta danƙa mani, da ita aka yi aikin, uwa da ɗa suka rayu. Shi ko likitan da gari ya waye ya je yana faɗa wa manya wai ni ce na ɓata lokaci ban iya aiki ba, bai ce shi ya hana ni minti 3 na ba ta oksijin ba. Wata guda ina kuka a ɓoye, kuma har aka canza mashi wurin aiki bai taɓa ce mani yi haƙuri ba.

Don Allah ki riƙe wannan, rashin iska ke kashe mara lafiya, ba rashin bututu ba. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin sa barci na Birtaniya, DAS da OAA, ta 2015 a kan masu ciki ta ce gwaji biyu, na uku sai wanda ya fi ki ƙwarewa. Kin tsaya a biyu, daidai kika yi. Ki koma ba da iska da mas na fuska da hannu biyu ko i-gel, mai kama da LMA, ki kira taimako da ƙarfi, babu kunya.

Kuma kar ki maimaita abu ɗaya, ki canza wani abu. Jera zannuwa ƙarƙashin kafaɗa da kai har kunne ya yi daidai da ramin saman ƙirji, ɗauki bututu 6.5 ko 6.0, wani ya danna maki maƙogwaro baya, sama, dama. Buji kuwa, siririn sandan robar da ke yi wa bututu jagora, ni da kuɗina na sayi nawa, yana cikin jakata ko biki zan je, in ya shiga hanyar iska za ki ji yana ƙas-ƙas a kan zoben maƙogwaro. Sakshin, na'urar zuƙe jini da majina, ki gwada da hannunki kafin allurar barci, a daren nan namu ashe ba ya ja.

Masu babban maƙoƙo ko bakin da bai buɗe yatsu uku ba, kar ki tsayar masu da numfashi da magani kina ke kaɗai, gara a tura su inda ake sa bututu mutum yana farke. In iska ta ƙi ta kowace hanya, wuƙa lamba 10, buji, bututu 6.0 ta gaban wuya, ki riƙa shafa wuyanki kina neman wurin har yatsanki ya saba.

Ki rubuta a fayil ɗinta abin da ya faru, ki faɗa wa ita da mijinta saboda haihuwa ta gaba. Ya jikin nata yanzu? Ke kuma kin samu kin yi barci kuwa?