Wane lasisi zan saka wa littafina na gyaran sola?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran sola ne a Garwa. Na rubuta ɗan littafi mai shafi 40 da Hausa kan haɗa faranti da batir da inbata. Ina so kowa ya kwafa, a fassara shi da Fulatanci da Faransanci, amma kada a goge sunana. Wani ya ce in ɗauki GFDL, wani kuma ya ce Creative Commons. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri. Ɗauki Creative Commons, nau'in da ake kira CC BY-SA 4.0.

Ka sani, a Kamaru da Chadi haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu tun ranar da aka yi shi, ba sai da rajista ba. In ka saki littafin shiru, babu mai ikon fassara shi ko buga shi sai ya nemo ka. Lasisi izini ne da kake ba kowa tun da wuri.

BY na nufin a ambaci sunanka, kuma wanda ya canza wani abu ya faɗa. SA na nufin duk wanda ya fassara ko ya ƙara, dole ya saki nasa da irin sharaɗin da ya samu naka. Wikipedia ma ta koma kan lasisin CC BY-SA a 2009.

Yi hattara da wasu sharuɗɗa biyu na Creative Commons, ND da NC. ND ya hana raba abin da aka canza, fassara kuwa canji ce, don haka Fulatancin da kake fata ya mutu tun a ciki. NC ya hana kasuwanci, kuma shi ya fi ruɗin mutane, don kowa yana tsoron a ci riba da guminsa. Amma duba mai shagon fotokofi a Marwa da ya buga kwafi 20, ya ɗinke su, yana sayarwa sefa 500 ga yaran da ba su da waya. Shi ne ƙafar littafinka, NC kuma zai jefa shi cikin shakka. Da SA, ko an sayar, littafin yana nan a buɗe.

GFDL kuwa, gidauniyar Free Software Foundation ce ta fitar da shi a 2000 don littattafan manhaja. Yana da nauyi: dole kowane kwafi ya zo da cikakken lasisin na Turanci, shafuka da dama, kuma wanda ya buga fiye da kwafi 100 sai ya samar da fayil ɗin da ake iya gyarawa.

A shafi na biyu ka rubuta sunan littafin, sunanka, shekara, sai jimla ɗaya: "An saki wannan littafi ƙarƙashin lasisin Creative Commons BY-SA 4.0", tare da adireshin lasisin na intanet. Saka shi cikin PDF ɗin kansa, domin a WhatsApp fayil kaɗai ke yawo. Ka raba fayil ɗin Word ko LibreOffice ma, saboda masu fassara.

Hoton inbata da ka ciro daga takardar kamfani ba naka ba ne, lasisinka bai rufe shi ba. Ɗauki naka da waya, ko ka zana. Kuma ka yi shawara kafin ka saki, don ba a janye wannan lasisi daga kwafin da ya riga ya fita.