Tambaya da Amsa: Lamiri ne yake damuna ko waswasi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata mata da muke hulɗar ciniki ta turo mini kuɗin kaya sau biyu bisa kuskure, kuma har yau ba ta lura ba. Na yi shiru, amma tun daga ranar duk sanda sunanta ya fito a wayata sai gabana ya faɗi. Ƙawata ta ce waswasi ne kawai, tunda ba sata na yi ba. Mene ne lamiri, kuma ta yaya zan bambance shi da waswasi?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, faɗuwar gaban da kika ambata ita ce lamirin da kike tambaya a kai. Lamiri shi ne mai shaida da ke cikin mutum, wanda ya san abin da aka aikata ko da ba wanda ya gani, kuma ba ya barin mai shi ya sake har sai ya gyara. Allah ya rantse da rai mai yawan zargin kansa a aya ta 2 ta Suratul Ƙiyama. A hadisin Nawwas ɗan Sam'an da Imam Muslim ya ruwaito kuwa, Manzon Allah (SAW) ya bayyana zunubi da cewa shi ne abin da ya sosa maka rai, kuma ka ƙi mutane su gane shi. To ki auna kanki da wannan: da matar nan za ta zauna kusa da ke, za ki yarda ki miƙa mata wayarki ta ga saƙonnin shigowar kuɗin guda biyu?

Ban yarda da maganar ƙawarki ba, ko da kuwa don ta kwantar miki da hankali ta faɗe ta. Waswasi ba shi da madafa, yana sa mutum ya yi ta maimaita abin da ya riga ya yi daidai, kuma duk yadda aka biye masa ba ya ƙoshi. Lamiri yana nuna abu takamaimai: ga wadda ke da haƙƙi, ga adadin kuɗin, ga kuma hanyar mayarwa, kuma da zarar an mayar sai zuciya ta natsu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ake iya danne wannan murya tana kan magana. A shekarar 1961, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Stanley Milgram ya yi gwaji a Jami'ar Yale ta Amurka, inda aka umarci mutane su riƙa jona wa wani wutar lantarki duk sanda ya yi kuskure. Wutar ta ƙarya ce, ihun ma shiri ne, amma su ba su sani ba. Da yawansu sun yi ta gumi suna rawar jiki suna cewa a tsaya, amma duk da haka mutum 26 cikin 40 sun ci gaba har matakin ƙarshe, saboda wani mai kamar iko yana tsaye yana cewa a ci gaba. Lamirinsu bai mutu ba, sun dai miƙa wa wani ragamarsa. Ke ma kina gab da miƙa wa ƙawarki taki. Idan kuma aka saba yin haka, zuciya tana yin tsatsa, kamar yadda aya ta 14 ta Suratul Muɗaffifin ta siffanta, har mutum ya daina jin komai.

Gaskiya ne lamiri yana iya kuskure idan bai samu ilimi da tarbiyya ba, shi ya sa a al'amura masu sarƙaƙiya ake komawa ga masana. Naki al'amarin ba ya cikinsu. Ki kira ta yau, ki gaya mata kuɗin ya shigo sau biyu, ki mayar mata da rarar. Idan kin riga kin taɓa kuɗin, ki faɗa mata haka ba ɓoye-ɓoye, ku tsayar da ranar da za ki biya.