Tambaya da Amsa: Yadda Ake Alƙalancin Gasar Hoto

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar masu sha'awar ɗaukar hoto a Zariya, mu kusan ashirin da biyar. Za mu yi gasarmu ta farko bayan Sallah. Alƙalai nawa za mu gayyato, kuma yaya za su riƙa ba da maki ba tare da an ce an yi son kai ba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka. Hanyoyi biyu aka fi bi. A Ingila ƙungiyoyi da yawa kan ɗauko alƙali ɗaya daga waje, ya yi magana a kan kowane hoto sannan ya ba shi maki cikin 10 ko 20. A Amurka kuma an saba da alƙalai uku, kowa ya ba da nasa a ɓoye, a tara. Ga ƙungiyar da kowa ya san kowa, ta biyun ta fi kwantar da hankali. Mutum ɗaya yana da abin da idonsa ya fi so, wani dawaki, wani fuskar tsofaffi, amma uku sukan daidaita juna.

Kafin ranar, ka cire sunan kowa daga fayil ɗinsa ka sa lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna kuma ta zauna a hannunka kai kaɗai. Wanda yake da hoto a gasar ba ya alƙalanci, haka wanda ɗalibinsa ko ƙaninsa ya shiga. Ka ƙayyade hotuna biyu ga kowane mutum. Lissafin mai sauƙi ne: hoto 50, minti biyu kowanne, awa ɗaya da minti arba'in ke nan. Da an zarce haka ido yakan gaji, na ƙarshen layi su ci zalunci.

A nuna hotunan zagaye biyu. A na farko kowanne ya tsaya kamar daƙiƙa biyar, babu maki, babu magana, don alƙalai su ga ƙarfin gasar gaba ɗaya. Idan aka tsallake wannan, hoton farko mai ɗan kyau sai ya kwashe 8, daga baya wanda ya fi shi nesa ba kusa ba ya zo a rasa inda za a sa shi. A zagaye na biyu ake ba da maki daga 1 zuwa 9, kuma dole a yi yarjejeniya tun farko a kan ma'anar lambobin. Biyar ita ce tsakiya: hoto mai tsabta, ba laifi a saiti ko haske, amma bai ce komai ba. Uku da huɗu na wanda yake da aibi a fili ne. Shida da bakwai na wanda aka ga tunani a tsarinsa da haskensa. Takwas da tara sai wanda mutum zai ci gaba da tunawa da shi bayan an kunna fitila. Ciwon da ya fi kama sababbin alƙalai shi ne kara: kowa a ba shi 6 ko 7 don kada ransa ya ɓaci, a ƙarshe hotuna goma su yi kunnen doki. In tazarar alƙalai biyu ta kai maki uku a hoto ɗaya, a dakata kowa ya faɗi dalilinsa, a sake jefawa. Sau da yawa ɗayan ya hango abin da ya kuɓuce wa ɗayan ne.

Kada ku raba rukuni tsakanin masu waya da masu babbar kyamara. Ku raba tsakanin sababbin shiga da waɗanda suka daɗe. Alƙali hoto yake dubawa, ba kuɗin na'ura ba.

Malam, na shigar da hoton wani mahayi da na ɗauka a hawan Sallah a Kano. Jama'a sun yaba ƙwarai, amma alƙali ya ba ni 5, ya ce farin rigar ya ƙone, fuskar kuma ta nutse. Shin ba tsanani ya yi ba? Ai haka rana take a garinmu.

Haka rana take, gaskiyarka, amma alƙalin bai zalunce ka ba. Jama'a doki da kayan adonsa suka yaba, shi kuwa aikinka ya duba. Hawa abu ne mai kyau tun kafin ka ɗaga kyamara, saboda haka tambayar ita ce me ka ƙara a kai.

Ga abin da ya faru. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin toka-toka. Idan farar babbar riga da rawani suka cika hoton, sai ya rage haske, fuskar baƙin mutum da ke ƙarƙashin inuwar rawani ta koma duhu. In ka auna a kan fuskar, rigar ta wuce iyaka. Da tsakar rana tazarar da ke tsakanin biyun takan fi abin da hoton JPEG, wato matsattsen fayil ɗin da kyamara ta saba fitarwa, zai iya riƙewa, shi ya sa ka yi asarar duka. Kuma asarar ba ɗaya ba ce. Inuwa ana iya ɗago ta a kwamfuta. Farin da ya kai 255, wato ƙarshen ma'aunin haske, a ja da kore da shuɗi gaba ɗaya babu komai a cikinsa, ko ka ja shi baya sai dai ya zama toka mara zare. Aikin allurar da ke ƙirjin rigar ya tafi ke nan.

Maganin: ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka bar ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ƙasa, 100 ko 200, ka kunna alamar gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allon kyamara. Ka rage haske kaɗan-kaɗan, sulusin mataki kowane lokaci (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu), har walƙiyar ta bar rigar, in ban da ƙyallin ƙarfen linzami da takobi, wanda ba laifi ba ne ya ƙone. Daga baya ka ɗago fuskar a kwamfuta da mataki ɗaya ko ɗaya da rabi. In ka wuce haka fatar takan yi tsakuwa-tsakuwa, launinta ya koma kamar toka, alƙali mai ido zai gane nan take.

Abin da ya fi duk wannan shi ne lokaci da wurin tsayuwa. Hawan Daushe da yamma ake yi, rana ta karkata, haske yana shiga ƙarƙashin rawani daga gefe. Ka tsaya rana tana bayan kafaɗarka, ba a gabanka ba. Idan jafi kake son tsayarwa cak, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Idan gudun kake son a ji, ka sauko zuwa 1/60 ka bi dokin da kyamarar yayin da kake dannawa, baya ya ja zare, mahayin ya fito. Cikin goma wataƙila ɗaya ce za ta yi, amma ita ce mai cin 8.

Sannan ka zagaya gefuna huɗu na hoton da ido kafin ka miƙa shi. A hotunan hawa abin da ya fi jawo ragin maki shi ne kofaton da aka datse, wayar lantarki da ta ratsa bayan rawani, da hannuwan 'yan kallo ɗauke da wayoyi a ƙasan hoton.

Ranka ya daɗe, gardama ta kaure a ƙungiyarmu a Maraɗi. Wani ya goge turken lantarki daga hotonsa ya zo na ɗaya. Wasu sun ce maguɗi ne. Ina iyakar gyara?

Iyakar tana cikin dokar gasarku. In ba ku rubuta komai ba, ba ku da hujjar karɓe masa kyauta, sai dai ku gyara gaba. Abin da aka saba a duniya shi ne a bambanta rukuni. A rukunin da yake a buɗe, goge turke halal ne, har haɗa hotuna biyu, muddin duk abin da ke ciki mai hoton ne ya ɗauka da kansa. A rukunin labarai da na rayuwar yau da kullum da na namun daji, an yarda a datse gefe, a daidaita haske da launi yadda ido ya gani, a goge ɗigon ƙurar da ta zauna cikin kyamara. Cire wani abu ko ƙara shi haramun ne, ko da ledar da iska ta kwaso ce.

Manyan gasa ba sa wasa da wannan. A 2015 World Press Photo, gasar hotunan jarida ta duniya, ta fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe bayan an gwada su da fayilolin asali. A farkon 2010 an karɓe babbar kyautar gasar hoton namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan daga wanda ya ci ta 2009, don alƙalai sun gamsu cewa kerkecin da ke tsallake shinge a hoton wanda ya saba da mutane ne, ba na dawa ba. A 2023 kuma Bajamushe Boris Eldagsen ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar Sony, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton. Saboda haka ku rubuta layi uku: abin da kowane rukuni ya yarda da shi, haramcin hoton da na'ura ta ƙirƙira, da sharaɗin cewa na ɗaya zuwa na uku za su nuna fayil na asali kafin a ba su kyauta.

Malam, hotona fes yake a wayata, amma da aka haska shi da majigi ranar gasa sai ya yi duhu, launinsa ya koɗe. Laifin wa?

Mai yiwuwa na ku biyu ne, 'yar'uwa, ke da masu shiri. Allon waya yana da haske sosai, sai ki ga hoton ya isa alhali bai isa ba. Ki yi gyara a allon da aka rage haskensa zuwa kusan rabi, ki dogara da histogiram, zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoto, maimakon ido. Koɗewar launi kuwa galibi daga ajiye hoto a tsarin launi na Adobe RGB ne, majigi kuma tsarin sRGB ya sani. Ki fitar da shi a sRGB, a girman da aka nema, misali ɗigo (pixel) 1920 a faɗi da 1080 a tsayi. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin fayil, don turawar hoto ta yau da kullum tana matse shi. Su kuma masu shiri su rufe tagogi, su haska a farin allo ba bangon da aka yi wa fenti ruwan madara ba, su fara da gwajin zane mai matakan toka daga baƙi zuwa fari. In matakai biyun ƙarshe na kowane gefe sun haɗe, a gyara majigin kafin a nuna hoton kowa.

An roƙe ni in yi alƙalanci karo na farko, Malam, kuma cikin masu shiga akwai waɗanda suka girme ni. Yaya zan faɗi aibin hoto ban ci fuskar kowa ba?

Ka yi magana a kan hoton, kada ka yi a kan mai shi. “Idon yarinyar bai fito ba” daban yake da “bai iya saiti ba”. Ka fara da faɗin abin da ka gani da inda idonka ya fara sauka, don mai hoton ya san ko saƙonsa ya isa. Ka ambaci abin da ya yi daidai, takamaimai, ba “ya yi kyau” kawai ba. Sannan aibi ɗaya, in ya yi yawa biyu, kowanne da sababinsa da maganinsa. Wanda aka lissafa wa laifi shida ba zai riƙe ko ɗaya ba, kuma da wuya ya dawo wata mai zuwa.

Faɗin sababi yana bukatar ka iya karanta hoto. Ɗauki dishi-dishi, iri uku ne. In komai ya yi dishi-dishi daidai wa daida, layuka suna neman zama biyu, hannu ne ya girgiza, maganin kuma kada saurin ƙiftawa ya gaza tsawon gilashin kyamarar: gilashi mai milimita 200 yana son 1/200 ko sama. In bangon baya ya fito raɗau fuskar ba ta fito ba, saiti ne ya faɗa baya. In duk abin da ke tsaye ya fito, mai motsi kaɗai ya ja, motsin abin ne, kuma wannan wani lokaci da gangan ake yinsa, sai ka tambayi kanka ko ya ƙara wa hoton rai kafin ka rage maki.

Wurin da nake so ka fi kiyayewa shi ne bambanta aibi da ra'ayinka. Layin da sama ta haɗu da ƙasa in ya karkace ba dalili, aibi ne. Sa mutum a tsakiyar hoto ba aibi ba ne. Dokar nan ta raba hoto gida uku shawara ce ga mai koyo, kuma Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, a tsakiya yake zaunar da mafi yawan mutanensa, hotunan kuma suna rataye a manyan gidajen tarihi. Haka hazon hunturu: kada ka hukunta hoto don launinsa ya yi laushi, yanayin ke nan. Wanda ya cancanci ragi shi ne wanda aka matsa wa gyara don a kore hazon har wani farin zobe ya kewaye bishiyoyi da hasumiya. In ra'ayi ne, ka ce “a ganina”, kuma kada ya ci fiye da maki ɗaya.

Akwai hotunan da za su zo maka kusan kowace gasa: almajiri da kwano, mabaraci a bakin titi, tsohuwa an ɗauke ta daga nesa ba ta sani ba. Sukan taɓa zuciya, shi ya sa sababbin alƙalai ke zuba musu maki. Ka auna su da ma'aunin sauran, ka ƙara da tambaya ɗaya a fili: da mutumin nan yana zaune a ɗakin, zai yarda a haska shi haka? In ƙungiyar ba ta da doka a kan neman izini, musamman ga yara da mata, ka ba shugabanni shawarar su sa ta kafin gasa ta gaba.

Ka riƙe takarda ka rubuta kalma biyu ko uku a gaban lambar kowane hoto tun a zagayen farko. Bayan an tashi, wani dattijo zai tare ka a bakin ƙofa ya ce, “Malam, lamba 34 fa?” Ka buɗe takardarka ka gaya masa abin da ka gani da abin da zai gwada in ya koma wurin.