Na fita daga manhaja na dawo, fom ya koma wayam

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Marwa, na haɗa wa matan adashin unguwarmu manhajar Android ta rubuta zubi. Mace za ta cika suna da kuɗi, ta leƙa saƙon tes don ta kwafo lambar shaidar biya, tana dawowa sai ta tarar komai ya goge. A wayata kuwa hakan bai taɓa faruwa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ina kyautata zaton wayarka ta fi nasu RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki a cikinta. Da yawa daga ƙananan wayoyin da ke hannun iyayenmu mata RAM ɗinsu kaɗan ne, kuma da zarar manhaja ta koma baya, Android na iya kashe ta baki ɗaya don ya ba wadda ke gaba wuri. Idan aka dawo, sabuwa yake tayarwa. Duk abin da ba ka ba shi ajiya ba ya tafi.

Masu haɗa manhaja da yawa suna tsayawa a ViewModel, wato ma'ajin bayanan shafin manhaja wanda Google ya fitar a 2017. Yana riƙe bayani idan aka juya waya a kwance, amma a cikin RAM yake zaune, don haka tare da manhajar yake mutuwa. Abin da ke tsallake wannan kisa shi ne Bundle, wato ɗan ƙunshin bayanan da ake ba Android ajiya, wanda ake cikawa a onSaveInstanceState, ko SavedStateHandle a cikin ViewModel ɗin. In da Compose kake tsara fuskar manhajar, sauya remember da rememberSaveable. In kuma XML ne, duba ko kowane EditText, wato akwatin rubutu na fom, yana da id (sunan shaida) nasa, domin wanda ba shi da shi Android ba ya adana rubutunsa.

Sai dai Bundle aljihun riga ne, ba a zuba masa buhun gero. Hanyar da yake bi megabait 1 ce kacal, kuma sauran aikace-aikacen manhajar na raba ta da shi. Tun daga Android 7, in ka cusa hoton rasit ko jerin mambobi duka, manhajar na iya faɗuwa da TransactionTooLargeException. Sa wa Bundle lambar mamba da abin da ake kan rubutawa kawai. Zubin da aka riga aka karɓa kuwa ya shiga Room, wato rumbun bayanai na dindindin a cikin wayar, nan take, don amanar mutane ce, kuma Bundle ba ya dawowa idan mai waya ta share manhajar da yatsa daga jerin waɗanda ke buɗe.

Gwajin da nake so ka yi yau: cika fom ɗin rabi, danna maɓallin gida, ka rubuta umarnin adb shell am kill da sunan kunshin manhajar a kwamfutar da ke haɗe da wayar don ya kashe manhajar, sannan ka buɗo ta daga jerin. Abin da ka gani shi ne abin da Hajiya ke gani. In ya gyaru, ari wayar ɗaya daga cikinsu ka sake gwadawa kafin ranar zubi.