Kar ka buɗe burauzar tukuna

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni, in kwamfuta ta mutu bagatatan kuma duk shafukan da mutum ya buɗe a burauza suka ɓace, yaya ake dawo da su. Ban amsa maka a shago ba don raina ya ɓaci. Ba laifinka ba ne, wani mutum ka tuna min.

Danna Ctrl da Shift da T don dawo da shafin da aka rufe dai ko yaron da ke tallan caja a bakin kasuwar Terminus ta Jos ya sani, haka ma maɓallin Restore da Chrome ke nunawa in ta farfaɗo. Ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne, in aka kawo maka kwamfuta ana kukan shafuka, kar hannunka ya taɓa burauzar. Ka bi foldodin AppData, Local, Google, Chrome, User Data, Default, za ka ga folda mai suna Sessions, inda Chrome ke ajiye bayanin shafukan da ke buɗe. Kwafe ta ɗungurungum a filashi. Duk buɗewa da rufewa, Chrome sabon fayil take rubutawa, tsohon ya tafi. Firefox kuwa kowane daƙiƙa 15 take ajiye nata a sessionstore-backups. Ka rufe ta, ka kwafo recovery.jsonlz4 zuwa uwar foldar da sessionstore-backups ke ciki, ka sa masa suna sessionstore.jsonlz4, shi ke nan. Amma ku yaran yanzu hannunku ya riga kanku, kun kalli bidiyo ɗaya a TikTok kun zama injiniyoyi.

Wani ɗan kwangila ne daga unguwar Rayfield, da sanyin hunturu, ya shigo min hankali a tashe. Batirin kwamfutarsa ya daɗe da mutuwa, aka ɗauke wuta yana tsaka da cike takardar neman kwangila, ga shafukan farashin siminti da rodi jere a sama. Bai gaya min ya fara ba wa ɗansa ba. Yaron ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, har Sessions ta zama fanko. Tarihin burauza kaɗai ya rage. Na danna Ctrl da H, muka zauna tun azahar har bayan isha'i, janareta na shan man da na saya da kuɗina, ina buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kan kujerata yana shan shayina yana cewa "wannan ne, a'a, ba wannan ba." Masu jiran gyara biyu suka gaji suka tafi wani shago.

Shafuka sun dawo, amma tarihi adireshi kawai yake riƙewa, abin da mutum ya rubuta cikin fom ba ya ciki. Na faɗa masa tun farko. Da na yanka masa kuɗi sai ya gyara hula ya ce, "Malam, ai danne-danne kawai ka yi." Ko sisi bai ba ni ba. Hakan bai ishe shi ba, sai da ya je wani ofis da nake gyara wa kwamfutoci shekara da shekaru ya ce ni na goge masa fom. Suka daina kirana. Wallahi har yau in na hango irin motarsa ƙirjina zafi yake.

Saboda haka kafin ka fara, ka nuna wa mai kaya kwanan wata da girman fayilolin nan da idonsa, ka tambaye shi wa ya taɓa kwamfutar kafin kai, ka karɓi rabin kuɗi. In a Incognito, wato tagar sirri, ya buɗe shafukan, ka ce masa sai haƙuri, babu inda aka ajiye su. In zai tafi ka koya masa Ctrl da Shift da D, ya adana shafukan duka a bookmark lokaci guda.

Gobe ka zo da wuri. Zan zare wayar tsohuwar kwamfutar shago tana aiki, kai za ka dawo da shafukan ina tsaye a kanka.